Yusef Lateef, Mabushin Amurka da Ya Zo Zariya Neman Ilmin Sarewa

Duk wanda ya taɓa ratsa dajin da ke tsakanin Kazaure da Roni da damina, ya jiyo yaron Fulani na busa sarewa a bayan shanunsa, da wuya ya kawo a ransa cewa wannan 'yar aba mai ramuka kaɗan, wadda mutanen gari ke ɗauka abin ɗebe kewar makiyayi ne kurum, ita ce wani gwanin busa na Amurka ya ƙetaro teku domin ya nazarta, alhali kuwa ya riga ya ba shekara sittin baya.

Sunansa Yusef Lateef. An haife shi a 1920 a Chattanooga, ya tashi a Detroit, inda ya ƙware a busa saksofon, wato wani ƙahon tagulla mai lanƙwasa da ake danna maɓallansa da yatsu, har ya yi aiki da manyan makaɗan jaz irin su Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley. A wajajen 1950 ya musulunta, ya sauya suna; sunansa na haihuwa shi ne William Huddleston. Daga nan kuma kunnensa ya karkata ga sautukan Gabas, kamar yadda faifansa na 1961, Eastern Sounds, ya shaida, tun kafin abin ya zama yayi. Amma da yake duniya ta fi riƙe sunan mai tashe bisa na mai zurfin nazari, sai ambatonsa ya kasa kai na takwaransa John Coltrane.

Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello, a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, yana koyarwa yana kuma ɗalibta a hannun mabusan ƙasar nan, waɗanda ba su da takardar shaidar komai face numfashinsu da yatsunsu. Kuma a ganina wannan tawali'u, na mutumin da ya zo da digirin dakta a hannu, ya fi duk lambobin yabon da aka ba shi daga baya daraja, har da Grammy.

Abin da ya bar mana shi ne littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda suka wallafa da Ziky Kofoworola a 1987, sai kuma faifan In Nigeria da ya ɗauka a Legas. Da Turanci aka yi littafin, don haka akasarin mabusan da ilminsu ke cikinsa ba su da hanyar karanta shi. Lateef ya rasu a Disambar 2013 a jihar Massachusetts, yana da shekara 93.