Shin Ko Kun San? Musun iPhone da Android, da Abin da Ba a Cika Faɗa Ba

A majalisun matasa yanzu, in aka gama musun ƙwallo sai a shiga na waya. Mai iPhone ya ce tasa ba ta cijewa, hotonta kuwa ba a magana. Mai Android ya ce da kuɗin waccan guda ɗaya zai sayi uku, kuma batirinsa ya wuni ya kwana bai nemi caji ba. Kowa na da gaskiyarsa, amma akwai bayanan da ba su cika fitowa a wajen musun ba, ga kaɗan daga ciki.

Shin ko kun san ba don waya aka fara ƙirƙirar Android ba? Andy Rubin da abokansa uku ne suka kafa kamfanin a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya a watan Oktoban 2003, kuma niyyarsu ta farko ita ce su yi wa kyamarorin ɗaukar hoto manhaja. Da suka ga kasuwar kyamara ba za ta kai su ko'ina ba sai suka juya ga waya. Google ya saye su a 2005 kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 50.

Ko kun san iPhone ta farko, wadda Steve Jobs ya nuna wa duniya ranar 9 ga Janairun 2007, ko bidiyo ba ta ɗauka? Ba ta da 3G, ba a iya kwafar rubutu a manna shi a wani wuri, kuma babu rumbun sauke manhajoji sam. Sai a Yulin 2008 aka buɗe App Store da manhajoji kusan 500. Wayar Android ta farko kuwa, HTC Dream, ta shigo kasuwa a Oktoban wannan shekarar, da madannai da ake zamo su daga ƙarƙashin gilashi.

Shin ko kun san kamfanonin da kuke faɗa a kansu abokan cinikin juna ne? A zahiri an yi gaba. Jobs ya rasu yana kallon Android a matsayin kayan sata, kuma a 2011 Apple ya kai Samsung kotu kan kwaikwayon fasalin iPhone. A 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a Amurka suka ce Samsung ya biya sama da dala biliyan ɗaya, aka yi ta ɗaukaka ƙara har 2018 kafin a sasanta. To amma a daidai lokacin da lauyoyi ke fafatawa, Samsung ne ya ƙera gilashin iPhone X da ta fito a 2017, kuma har yau yana cikin manyan masu sayar wa Apple gilashi. Idon kyamarar iPhone na kamfanin Sony ne na Japan. Ƙwaƙwalwarta kuma masana'antar TSMC ta Taiwan ce ke ƙera ta, masana'antar da ke ƙera wa MediaTek ƙwaƙwalwar da ke cikin Tecno da Infinix da yawa da ke aljihunmu.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wannan: a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, takardun kotu sun nuna cewa a 2022 kaɗai Google, mai Android, ya biya Apple dala biliyan 20 don shafinsa na bincike ya zama shi ne ke fara buɗewa a iPhone. Don haka mai iPhone da ke yi wa Google kallon abokin gaba, kullum yana yi masa ciniki bai sani ba.

A yawa Android ce kan gaba nesa ba kusa ba, don kusan bakwai cikin kowace waya goma ta zamani a duniya ita ke tafiyar da su. A riba kuwa Apple ne sarki. Akwai shekarun da ya kwashe sama da kashi 80 cikin ɗari na ribar da duk masu ƙera waya suka samu. A Amurka fiye da rabin masu waya iPhone suke riƙewa. A Najeriya da Nijar lamarin ya sha bamban, kuma dalilin ba boyayye ba ne.

Ko kun san Tecno da itel da Infinix duk 'yan gida ɗaya ne? Kamfanin Transsion ne ke yin su, wanda wani ɗan Sin mai suna Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, hedikwatarsa a birnin Shenzhen. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne bai tsaya neman kasuwar ƙasarsa ba, Afirka ya nufo, kuma Najeriya na cikin wuraren da ya fara kafa ƙafa. Ya duba yadda muke rayuwa ya ƙera waya daidai da hakan. Mutum na da layi biyu ko uku saboda sabis na yankewa kuma kiran wani layi ya fi tsada, sai ya kawo waya mai cin layi biyu. Wutar lantarki ba ta tsayawa, sai ya kawo babban batir. Kyamarorin wancan lokaci suna mayar da fuskar baƙar fata duhu, sai ya gyara tasa ta riƙa fito da kamannin mutum. Ya sa harsunan Hausa da Amharik da Suwahili a wayoyinsa, ya buɗe masana'anta a Habasha a 2011, ya baza shagunan gyara na Carlcare a birane. Yau kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Duk wanda ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano ya ga shaidar haka da idonsa. A ganina wannan ba ƙaramin darasi ba ne ga masu raina waɗannan wayoyi: kamfanin da ya saurare mu shi ya ci kasuwarmu.

Apple kuwa sai a 2018 ya fara yin iPhone mai layi biyu. Kuma a kula, tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da gurbin sa katin layi kwata-kwata, sai layin da ake shigarwa ta manhaja, wato eSIM. Mai sayen wadda aka shigo da ita daga can ya duba gefenta kafin ya ƙirga kuɗi.

Shin ko kun san ba a taɓa yin iPhone mai cin memori ba? A inda ake tura fim da karatu da wa'azi daga waya zuwa waya, ko a kai wa masu turi a kasuwa su cika kati, wannan babban gibi ne. Haka batun rubutun Hausa: madannan Gboard na Google sun daɗe da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, Apple kuwa sai a iOS 17 ta 2023 ya kawo nasa madannan Hausa.

Batun hoto kuma, yawan megafiksel ba shi ne kyau ba. iPhone ta yi shekaru a kan 12 kacal kafin ta koma 48 a 2022, alhali Samsung ya kai 108 tun 2020, ya kai 200 a 2023. Girman idon kyamara da yadda manhaja ke sarrafa haske su ne aikin. Kuma da zarar an tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba, an matse shi, rabin abin da ake taƙama da shi ya tafi.

Ko kun san babu wayar da ba a iya kutsawa? iPhone kamar gida ne mai katanga da ƙofa ɗaya, mai gadi na duba duk abin da zai shiga. Android kuwa ƙofofinta da yawa, kuma mai gida na iya buɗe wadda ya ga dama. Wannan 'yanci shi ne daɗinta, shi ne kuma hatsarinta. Duk da haka manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ya ƙera, ta shiga duka biyun. A 2019 ta kutsa wayoyin mutum kusan 1,400 ta hanyar kiran WhatsApp, ko da ba a ɗaga ba, kuma a 2021 Apple da kansa ya maka kamfanin a kotu. Amma mu faɗi gaskiya, ba Pegasus ce ke damun talaka ba. Abin da ke cin mutanenmu shi ne jabun WhatsApp da ake saukewa daga wajen Play Store don ganin saƙon da aka goge, da manhajojin bashi masu kwashe lambobin 'yan uwa, da ba wa baƙon murya lambar sirri ta banki. Na ƙarshen nan babu tambarin da zai kare ka daga gare shi.

Ga tambayar da na fi so a riƙa yi, wadda ban cika jin ta a majalisa ba: shekara nawa kamfani zai yi yana aiko wa wayar nan gyaran tsaro? Duk wata ana gano ɓaraka a manhaja, kamfani ya toshe ta ta hanyar sabuntawa. Ranar da ya daina aikowa, wayar na nan tana aiki, amma ƙofarta a buɗe take, ga shi kuma yanzu asusun bankin mutum da hotunan iyalinsa duk a ciki suke. A nan Apple ya daɗe yana gaba: iPhone 6s ta 2015 ta fara da iOS 9 ta kai har iOS 15. Google ya yi alkawarin shekara bakwai tun daga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024. Sai dai waɗannan manyan wayoyi ne masu tsada. Yawancin ƙananan wayoyin Android da akasarinmu ke iya saye ba sa samun ko kusa da haka, kuma wannan gazawa ce da ya kamata masu ƙera su su gyara, tunda da kuɗinmu suka girma.

Kowane ɓangare na da tabonsa. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir ba tare da ya sanar da masu su ba, kuma Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. Samsung kuwa a 2016 ya janye Galaxy Note 7 baki ɗaya saboda batirinta na kamawa da wuta, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Da Apple ya daina sa kan caja a kwali a 2020 Samsung ya yi masa ba'a a talla, bayan 'yan watanni shi ma ya cire a Galaxy S21. Kuma ba don Allah Apple ya koma wayar caji irin ta kowa, USB-C, a iPhone 15 ba. Dokar Tarayyar Turai ce ta tilasta.

Shin kun tuna cewa kafin wannan musu an yi wasu? Nokia 1100 mai tocila ta sayu sama da miliyan 250. BlackBerry ta yi zamanin da sai mai lambar BBM ake kira ɗan gayu, amma a Janairun 2022 aka kashe hidimar tsofaffin wayoyinta. Microsoft ya sayi sashen wayar Nokia a 2014, duk da haka Windows ta waya ba ta rayu ba. Huawei kuma, bayan takunkumin Amurka na 2019 ya raba shi da manhajojin Google, ya koma gina tasa, HarmonyOS.

Na ƙarshe, ga masu sayen ta gwanjo, wadda 'yan kasuwa ke kira Landan yus. Tun 2013 iPhone na kulle kanta da asusun iCloud na mai ita, Android ma ta samu irin wannan kulle a 2015. In mai ita na farko bai fita daga asusunsa ba, ka sayi gilashi da ƙarfe kawai. Ka sa a goge ta a gabanka a sake kunnawa. Ka danna *#06# lambar IMEI ta fito, ka gwada da wadda ke jikin kwali da rasit. In iPhone ce ka duba lafiyar batir. Ƙasa da kashi 80 na nufin canji ya zo. Kuma ka karɓi rasit mai sunan shago, don wayar sata na iya kai mai gaskiya ofishin 'yan sanda.

Hukuncina shi ne, mai hali da ke son waya ɗaya ta yi masa shekara biyar ko shida, iPhone ko babbar Samsung ko Pixel ba za su ba shi kunya ba. Wanda kuwa ke lissafin kuɗin caji da na data da na mai gyara, sabuwar Android matsakaiciya mai garanti ta fi masa tsohuwar iPhone mai mataccen batir. Don Allah, ƙannena, kada wani ya ci bashi ko ya sayar da jarinsa saboda tambarin da ke bayan waya.