Wa Muke Ba Bencin Gaba a Majami'a?

Maganar makon nan taku ce masu zuwa majami'a, musamman 'yan Zumuntar Mata. Amma wadda ba Kirista ba ma ta kasa kunne, gama da wuya a sami taron mata da ba shi da irin wannan ciwo.

Kwanan baya na je gai da wata tsohuwa gwauruwa a unguwarmu, wadda ta yi wata 3 ba a ganinta a sujada. Na zaci ciwon ƙafa ne. Da muka gaisa na ce, "Iya, lafiya ba mu ganinki?"

Ta ce, "Lafiya lau, 'yata. Zanen zumunta aka sake, ni kuwa ba ni da kuɗin sabo. Ran da na je da tsohon, aka ce masu anko su zauna gaba, na koma bakin ƙofa. Kunnena ya yi nauyi, ko karatu ban ji ba. Na ce gara in yi addu'ata a ɗaki."

Wannan tsohuwa fa, tun kafin a haifi da yawa cikinmu take share majami'ar nan ran Asabar.

To, kada ku ce wannan sabon abu ne. A Korinti, wani babban gari na 'yan kasuwa a ƙasar Girka, Manzo Bulus ya zauna shekara ɗaya da wata 6 yana koyarwa. Bayan tafiyarsa sai labari ya iske shi, wai in masu bi sun taru domin Jibin Ubangiji, masu hali sukan riga su cinye abincinsu, har wani ya bugu, matalauta kuwa su zauna da yunwa. Ku buɗe 1 Korintiyawa sura 11, daga aya 17. Bai yi musu sassauci ba. Ya ce taronsu ɓarna yake yi maimakon gyara, ya ce suna kunyata waɗanda ba su da kome, ya umarce su su riƙa jiran juna.

Wasiƙar Yakubu kuma, sura 2, ta kawo misalin da ya yi daidai da namu. Mutum biyu sun shigo taro, ɗaya da zoben zinariya da tufafi masu kyau, ɗaya da tsumma. Aka nuna wa na fari wuri mai kyau, aka ce da na biyu ya tsaya can, ko ya zauna a ƙasa. Yakubu ya kira wannan tara, ya kuma ce zunubi ne.

Ban ce anko laifi ne ba. Da ma an yi shi domin matar ɗan kasuwa da matar manomi su zama ɗaya a ido. Amma in ana sake zane kowace shekara, ai ya bar aikinsa, ya zama shinge.

Haka kuma batun baiko. A wasu wurare akan tashi a karanta suna da abin da kowa ta bayar, a tafa wa mai yawa. Ku duba Markus sura 12. Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali, wadda ya yaba kuwa gwauruwa ce mai 'yan tagulla 2, domin iyakar abin da take da shi ke nan. Da a taronmu ta zo, wa zai tafa mata?

Mu dai ba mu da hujja. Tun shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, a cikinsa kakanninmu da yawa suka koyi karatu. Ba sai mun jira fasto ya karanta mana waɗannan surori ba.

Ga shawarata ga iyayen zumunta. Bencin gaba a bar wa tsofaffi da masu nauyin kunne, ko wane zane suka ɗaura. Kada a sake anko sai an tabbata an saya wa gwauraye nasu daga asusu, a kai musu gida a asirce. Baiko a zuba shi ba kiran suna. In kuwa an dafa abinci ran taro, kada wadda ta sa hannu sai kowa ta samu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ran Lahadin nan, in kin zauna, ki waiwaya ki duba wadda ba ta zo ba. In an tashi, ki bi ta gidanta tun ba ki kwance ɗankwali ba, gama zumunci a ƙafa yake.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.