Gano Matsalar Bawul da Kan Silinda a Ƙaramin Inji

Ƙaramin inji mai bugu huɗu, irin na babur da janareta da injin ban ruwa, yana numfashi ne ta bawul biyu da ke zaune a kan silinda, wurin da makanikai ke kira tof silinda. Ɗaya na buɗewa mai da iska su shiga, ɗayan ya saki hayaƙi zuwa salansa. Kamshaf ne ke buɗe su, kuma juyi ɗaya yake yi duk sanda kiranshaf ya yi biyu. Wannan daidaito shi ake kira taimin. Ɗan janaretan nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba ya cikin lissafin, domin shi mai bugu biyu ne.

Ciwon taimin da na kan silinda kusan fuska ɗaya gare su: inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ba ƙarfi, ko ya riƙa tari ta kafireto. Shi ya sa gaggawar kwance kai asara ce. A fara tabbatar da cewa fulogi na ba da wuta, mai kuma na isowa.

Daga nan sai tazarar bawul, wadda ake aunawa da siririn ƙarfen awo, inji a sanyaye, fistan yana ƙololuwa a ƙarshen matsi. A tsohon samfurin injin Honda GX160 ana barin milimita 0.15 a bawul ɗin shiga, 0.20 a na fita. In tazarar ta yi yawa, inji zai yi ta ƙas-ƙas, igiyar tayarwa ma ta yi nauyin ja. In ta yi kaɗan, bawul ba zai zauna daram ba, zafi ya cinye bakinsa. Na biyun ya fi muni, don shiru yake ɓarnarsa.

Taimin kansa da ido ake duba shi. A yawancin janareta, haƙoran kamshaf da na kiranshaf suna cuɗe da juna, kowanne da ɗigo, kuma dole ɗigon biyu su haɗu. Irin wannan da wuya ya goce sai in an yi kuskure wajen haɗa inji. Babur mai sarƙar taimin kuwa, in sarƙar ta saki tana iya tsallake haƙori. Sai a saita alamar T ta jikin fulawil, a ga ko alamar kamshaf ta tsaya a gurbinta. Tsallaken da ya yi yawa kan sa fistan ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Akwai kuma abin da ke ruɗar mutane: ɗan makullin da ke riƙe fulawil in ya karye, lokacin wuta ne ke gocewa, bawul na nan lafiya lau.

In duk wannan daidai ne amma matsi ya yi rauni, a ɗiga baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake gwadawa. Matsin ya ƙaru, ringi ne suka cinye. Bai motsa ba, zargi ya koma kan bawul ko gasket. Ana kuma hura iska ta ramin, bawul biyun a rufe, a kasa kunne. Fita ta kafireto laifin bawul ɗin shiga ne, ta salansa na fita ne, ta bakin zuba baƙin mai kuwa ringi ne.

Sai yanzu kwance kai ya dace. A kankare baƙin dattin da ya daskare, a zuba kananzir a hanyar kowane bawul a ga ko zai tsatso. Wanda ya yi yoyo a goga shi da mazauninsa, wanda ya ƙone ko ya lanƙwashe a sauya shi. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan don ganin ko zafi ya karkatar da ita, a nemi tsagewa tsakanin ramin fulogi da mazaunin bawul. Wajen mayarwa a sa sabon gasket, a ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, sannan a sake auna tazarar bawul kafin a tayar.