Fuskokin dodannin Mambila: Na yumɓu sun cika kasuwa, na gado sun ƙaura

Duk wanda ya leƙa shafukan sayar da kayan tarihi a intanet zai ci karo da fuskokin dodo na gasasshen yumɓu, ana tallarsu a matsayin tsofaffin kayan al'adar Mambila. Sai dai masu nazarin al'adun wannan ƙabila sun fi sanin fuskokinta da itace.

'Yan Mambila na zaune ne a tsaunin Mambila da ke Ƙaramar Hukumar Sardauna a Jihar Taraba, wasu kuma a tsallaken iyaka cikin Kamaru. Fuskokin nasu na da alaƙa da al'adar Suwa, wadda ta haɗa bikin fitowar dodo da rantsuwar sasanta rikici. Ana sassaƙa su da kamannin dabba mai buɗaɗɗen baki, a shafe su da launin ja da fari da baƙi. Mai rawa kan ɗora fuskar a ka, ya lulluɓe jikinsa da saƙaƙƙiyar riga, kuma ba a yarda mata su ga dodon maza ba.

Yumɓu kuwa an fi saninsa wajen gina tukwane masu siffar mutum.

Itace ba ya jure gara da damshin tsauni, don haka tsofaffin fuskokin ba su da yawa. Da dama daga cikin waɗanda suka tsira suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, ciki har da kayan da ɗan mishan Gilbert Schneider ya tattara a yankin Warwar. Ƙarancinsu ya ɗaga farashi, farashin kuma ya buɗe ƙofa ga masu ƙera sababbi su tsufar da su da hayaƙi da ƙasa.

Mai saye na tsakanin matsala biyu. Idan kayan sabo ne, ya biya kuɗin tsoho a banza. Idan kuma na gado ne, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da irinsa daga Najeriya ba tare da izini ba.

Babbar asara dai ta 'yan Mambila ce. Musulunci da Kiristanci sun rage masu raya al'adar, kuma yaron da ya tashi a Gembu yau zai fi saurin ganin fuskar kakanninsa a waya fiye da a ƙauyensu.