Daga Hasumiyar Gobarau Zuwa Sararin Samaniya

Ranar da na hau Hasumiyar Gobarau, cinyoyina na rawa a ƙunƙuntar matakalar ƙasa, na gane dalilin da ya sa masu tsaron Katsina suka riƙa hango mahara daga nan. Ganuwa ce sansaninsu, dawakai kuwa jiragen yaƙinsu.

Yau hangen ya koma sama. A 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na Najeriya, NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta Rasha, Amurka kuma ta kafa rundunar sararin samaniya a 2019. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kafa sansanin soja a duniyar wata, amma ba ta hana leƙen asiri ba. Ni dai burina, idon nan na sama ya fara duba dajin Rugu, maɓoyar maharan yau.