Sa Hannun Da Ke Rufe Wa Mace Ƙofar Kotu

Mu a ikilisiya mun san darajar sulhu. Idan mutum biyu suka saɓa, dattawa kan zaunar da su a gyara. Amma akwai wani irin sulhu da kamfanoni a Amurka suka daɗe suna ɗora wa ma'aikatansu dole, kuma mata ne suka fi shan wuyarsa.

Ranar da aka ɗauki mace aiki, sai a miƙa mata takardar yarjejeniya. A ciki akwai sharaɗi cewa duk rigimar da ta taso tsakaninta da kamfani, ba za ta kai kotu ba, sai gaban wani mai sasantawa mai zaman kansa. In ta ƙi sa hannu, ba aiki. Wata dokar 1925 ce kotuna ke dogara da ita wajen tabbatar da wannan sharaɗi, kuma binciken da aka fitar a 2017 ya nuna ma'aikata wajen miliyan 60 ne ke ƙarƙashinsa.

To, ku duba abin da ke faruwa kafin 2022 idan shugabanta ya matsa mata da neman lalata. Zaman a ɓoye ake yinsa. Galibi kamfanin ne ya zaɓi ƙungiyar da ke kawo mai sasantawar, kuma hukuncinsa da wuya a ɗaukaka ƙara a kansa. Abin da ya fi muni a ganinmu shi ne, mata goma za su iya kuka da mutum ɗaya, kowacce tana zaton ita kaɗai ce, shi kuwa yana nan a kujerarsa.

A 2016 Gretchen Carlson, mai gabatar da shiri a gidan talabijin na Fox News, ta zargi shugaban gidan, Roger Ailes. Takardar aikinta na da wannan sharaɗi, don haka lauyoyinta suka kai ƙarar shi kansa, suka bar kamfanin. Ya musanta, amma da maganar ta fito fili wasu mata suka yi magana, ya sauka, aka biya ta dala miliyan 20.

Ranar 3 ga Maris 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a sabuwar doka. Yanzu wadda aka ci wa zarafi ita ke da zaɓi: in ta so sasantawa, to, in ta so kotu, tsohon sa hannunta ba zai hana ta ba. Dokar ba ta shafi sauran rigingimu irin na albashi ba.

Ga 'ya'yanmu mata da ke aiki a biranen Najeriya kuwa, gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron ƙarar irin wannan cin zarafi a wurin aiki. Kafin su sa hannu a kowace takardar aiki, su nemi wanda zai karanta musu ita duka, su kuma riƙe kwafi.