Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

A Gantsa da sauran garuruwan Buji, da zarar idon mutum ya yi ja sai a ce afolo ne, a aika yaro kemis. Afolo kuwa, wanda ya samo sunansa daga annobar da ta ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a wata, yakan zo da kwantsa, ya bi gida ɗaya bayan ɗaya, ya wuce cikin mako guda ko biyu. Amma akwai jan idon da ba ya wucewa haka: kumburin baƙin ido, wato da'irar nan da ke kewaye da ɗan ramin da haske ke shiga.

Wannan ba ya yaɗuwa, ba ya kawo kwantsa sai hawaye. Galibi ido ɗaya yake kamawa. Jan yakan taru a gefen baƙin, zafin kuma daga ciki yake, har ya hau goshi. Mai shi ba ya ƙaunar rana ko kaɗan. Ko lafiyayyen idon aka haska da tocila, mai ciwon zai amsa. Gani ya dushe, ramin ya tsuke.

Wani lokaci buguwa ce sanadi, kamar karan dawa lokacin girbi. Wani lokaci tarin fuka ne, ko tunjere, ko kuturta, ko ciwon gaɓoɓi da ƙashin baya. Da yawa kuma ba a gano dalili.

Abin tsoron shi ne jinkiri. Baƙin yakan manne da madubin da ke bayansa, ruwan ido ya rasa hanyar fita, sai hawan jinin ido ko yana su biyo baya. Maganinsa ɗigo ne iri biyu, mai kwantar da kumburi da mai buɗe ramin. To amma na farkon nan, in aka ɗiga shi a idon da gyambo ne ke cinsa, ƙarasa shi zai yi, kuma mai kemis ba shi da na'urar da za ta bambance gyambo da kumburi. Nonon mai shayarwa da ruwan sukari da wasu ke ɗigawa a ido kuwa, ƙwayoyin cuta kawai suke ƙarawa.

Don haka asibiti ne mafita. Daga Buji, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ba nisa, ga Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ga asibitin ido na ECWA a Kano. Kuma ko jan ya wuce, likita ne zai riƙa rage ɗigon sannu a hankali, domin yanke shi farat ɗaya kan dawo da ciwon.